Ramar Gwadabe a Tafkin Gana

A shekarun yaƙin Bama, zamanin mulkin Turawa, akwai wani tafki a bayan wani ƙauye kusa da Auyo, wanda kogi ke cikawa da damina ya bar shi maƙil da kifi. Gidan su Gana ke kula da shi tun kaka da kakanni.

Da kaka ta kama, ruwan ya yi baƙi, ya soma ɗoyi. Kullum da safe kifaye sai su taso sama suna buɗe baki. Gana ya yi abin da ya ga mahaifinsa yana yi: ya dama fura da nono ƙwarya guda, ya zuba wa mutanen ruwa don su huce. Ɗoyi ya ƙaru. Ya ce ƙila sun raina, ya mayar da ita ƙwarya uku.

Ana haka sai ga Malam Ja'afaru duba-gari a kan keke daga Haɗeja. Ya tsaya nesa, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Baba, me kuke zubawa a nan?"

"Alheri kaɗai," in ji Gana.

"To, nan da kwana bakwai in na tarar da warin nan, zan zo da leburori a cike shi da ƙasa."

Washegari Gana ya ce bari ya kai furar har tsakiya, ko na bakin gaɓa ne ke tare wa manya. Ruwa na kai masa ƙugu ya yi tuntuɓe, ƙwarya ta yi gaba. Ya laluba, ya ɗago damin rama, ya ruɓe yana yauƙi. Ya sake lalubawa, ga wani.

Bai yi tambaya ba. Mai tuƙa igiya ɗaya ne a ƙauyen, taubashinsa Gwadabe, wanda tun da Turawa suka matsa neman igiya ya ninka nomansa. Gana ya same shi har gida.

"Kai, ɓarawon ruwa, dami nawa ka jiƙa?"

"Arba'in ne kacal, bawana. Na danne su da itace don kada su dame ka."

"Kifina na mutuwa."

"Ni ma na lura ramata na ƙanshin nono. Na ɗauka kyauta ce."

Gana ya tsaya ya yi tunani. Duk abin da ke ruɓewa a ruwan da ba ya gudu, shi ke shaƙe kifi, ko rama ce ko fura. Bai faɗi zancen furar da ƙarfi ba.

Kwana biyu suna tsamo dammunan rama. Suka haƙa wa ramar rami nata can gefe, suka kwashe baƙar laka, sannan suka fasa ɗan magudani daga kogi, sabon ruwa ya shiga ta gabas, tsoho ya fita ta yamma cikin ciyayi.

Ran na bakwai Malam Ja'afaru ya iso da leburori shida da diga. Ya tsuguna a gaɓa, ya shaƙa sau uku.

"Ina kifayen?"

"Ba a ganin ko ɗaya," in ji Gana. "Sun koma ƙasa."

"Madalla. Tafki ya zauna."

Leburori suka saɓa diga za su juya. Gwadabe ya tare su, ya ce tun da sun riga sun sha tafiya, raminsa na son ƙarin zurfi kamu biyu.