Wa Ya Amsa wa Lamba Sha Bakwai

Aku ake ce mini a makaranta, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don ni na jawo wa kaina. Duk muryar da na ji sau biyu, shi ke nan ta zama tawa. Ina yin muryar Shugabar makaranta har da jan hancin da take yi kafin ta ce a yi shiru. Ina yin ta mai gadi. A gida ina laɓewa bayan ƙofa in yi ta Mama, ƙannena su watse da gudu. Wannan banzar baiwar ce ta sama mini wuri a bencin baya, kusa da Kyaftin.

Kyaftin ce shugabar 'yan ƙwallon hannu, doguwa, kyakkyawa, ga bakin tsiya. In ta yi dariya tare da ke, ranar sai ki ji kin zama mutum. In kuwa ke ta yi wa dariyar, gara ki yi zamanki a gida. Mu huɗu ne a bencin, kuma wallahi dukkanmu tsoronta muke ji, muna kiran abin ƙawance.

A makarantarmu lamba ake kira da safe, ba suna ba. Ƙarfe takwas daidai Malamin Lissafi, wanda shi ne malamin ajinmu, zai shigo da rajista a hammata. Tabaraunsa kauri gare shi kamar gindin kwalba, duk da haka sai ya kusa manna hanci a takarda yake gani. Zai ce, "Ɗaya." A ce, "Ina nan, Malam." Haka har arba'in, ko sau ɗaya ba ya ɗaga kai. Yakan yi mana alfahari cewa idonsa ne ya tsufa, amma kunnensa ya san muryar kowace a cikinmu. Wadda ba ta amsa ba, zai rubuta lambarta a 'yar takarda a kai ofis, sakatare kuma ya buga wa iyayenta waya kafin ƙarfe tara. Ba a taɓa fashin wannan ba.

To, kunnen nan da yake taƙama da shi na sha yi masa wasa. Duk wadda ta makara, sai ta aiko in amsa mata. Na amsa wa kusan rabin aji, bai taɓa kama ni ba, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

A zango na biyu aka kawo 'Yar Tela, aka ba ta lamba sha bakwai, ta wata da ta bar makarantar. 'Yar ƙarama ce, mai ciwon asma, kullum maganinta na shaƙa yana aljihun gefe na jakarta. Kayan makarantarta sun fi na kowa zama a jiki, don babanta ne ya ɗinka, shagonsa yana layi na biyu bayan makaranta. In za ta amsa kira, sai ta ɗan yi tari ƙasa-ƙasa, ta ja numfashi, sannan ta ce, "Ina nan, Malam," kamar mai neman afuwa. A rana ta biyu na riga na haddace.

Allah sarki, ba abin da take so irin ta zauna a bencinmu. Ta yi wa Kyaftin aikin gida, ta ɗinke mata rigar wasa da ta yage. Daga ƙarshe Kyaftin ta ce to, sai ta yi abin da kowaccenmu ta yi.

Bayan filin wasa akwai tsohon ɗakin gwaje-gwaje da aka daina amfani da shi tun da rufin ya fara yoyo. A cikinsa akwai ɗan sito marar taga, cike da ƙura da tsofaffin kwalabe, da wani ƙwarangwal na roba a rataye. Duk mai son shiga bencinmu sai ta je ita kaɗai ta ɓallo yatsa ɗaya ta kawo. Ƙofar siton hannunta na ciki ya karye, in ta rufe ba ta buɗuwa sai daga waje, shi ya sa muke tokare ta da dutse. Dukkanmu mun san wannan. Ba wadda ta gaya mata. Ni na tuna, amma a lokacin ta riga ta kai tsakiyar fili, na ga kamar in na ƙwala mata kira zan ɓata wasan.

Ranar Laraba ce, takwas saura minti goma. Ta bar jakarta a ƙarƙashin bencinta, ta ce yanzu za ta dawo.

Malam ya shigo ya fara kira. Yana kaiwa goma sha biyar Kyaftin ta mintsine ni a cinya.

"Amsa mata," ta ce a kunnena. "In aka buga wa babanta waya, asirinmu ya tonu."

"Sha bakwai."

Na ɗan yi tari, na ja numfashi. "Ina nan, Malam."

Ya yi maki da jan biro, ya wuce sha takwas. 'Yan bencinmu suka dinga danne dariya, don ban taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba.

Darasi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Idona yana kan jakar. Daga inda nake ina hango murfin maganin, shuɗi, ya ɗan leƙo daga aljihu. Da aka kaɗa ƙararrawar hutu na ce wa Kyaftin mu je mu duba.

"Tsoro ta ji, ta gudu gida," in ji ta.

"Ta bar jakarta?"

"Ke ce uwarta? Je ki mana. In aka gan ki a can, ke kaɗai za ki yi wa Shugaba bayani."

Sai na zauna. Na buɗe abincina na ci, har na sha ruwa. Wannan ne har yau ya fi mini wuyar faɗa.

Ƙarfe huɗu na yamma babanta ya zo nemanta, da ya ga ba ta dawo ba. Mai gadi ne ya buɗe siton. An ce ta cire takalminta ta yi ta dukan ƙofa har dunduniyar ta fita. An ce yatsan robar yana cikin hannunta. Likita ya ce da alama ta kai wajen azahar da rai.

Bayan kwana uku aka kafa kwamitin bincike, abin da ya tsaya musu a wuya kuma shi ne rajista. Rajista ta ce ƙarfe takwas tana aji. Malamar darasi na farko ta ce takwas da minti biyar wurinta wayam yake. Mai gadi ya ce tun kafin takwas ya hangi wata yarinya ta nufi bayan fili. To wa ya amsa? Kwamiti ya ce ba wanda ya amsa, Malam ne kawai ya yi maki bai duba ba, sakacinsa kuma ya hana a buga waya. Babanta Tela kuwa magana ɗaya yake ta maimaitawa a bakin ofis, har muryarsa ta dishe: "Da an kira ni ƙarfe tara, minti biyar zan iso. Minti biyar!"

Malam ya rantse, ya sake rantsewa, cewa da kunnensa ya ji ta, har da tarin. Aka dakatar da shi.

Aƙalla mutum goma a ajin sun san abin da ya faru. Amma wa za ta buɗe baki, alhali na taɓa amsa mata ita ma? Malamai kuwa ba su san da baiwata ba, a wurinsu ni lamba ashirin da uku ce, mai shiru-shiru. 'Yan ƙananan aji suka fara yaɗa cewa fatalwa ce ta amsa, Kyaftin ta taya su ƙara wa labarin gishiri. Ni kuma ta tare ni a bayan famfo, ta riƙe mini wuyan riga.

"Ki saurara da kyau, Aku. Ni ban ce komai a aji ba. Muryarki ce, ba tawa ba. In kika yi surutu, ke ce kika kashe ta."

Idanunta sun yi ja, sun kumbura. Ashe ita ma kuka take yi a ɓoye, amma hakan bai sa ta sassauta riƙon ba.

Sabuwar malamar da aka kawo mana takan tsallake daga sha shida zuwa sha takwas. A ɗan shirun da ke tsakani, maƙogwarona sai ya fara ƙaiƙayi. Nakan danne baki da hannu biyu. Na daina kwaikwayon kowa, amma muryarta ta ƙi fita daga bakina. In na yi tari, irin nata nake yi. Wata rana da tsakar rana ina wanke-wanke, Mama ta kira ni daga ɗaki, na amsa, "Ina nan." Sai ga ta ta leƙo tana dube-dube.

"Wace ce ta shigo? Baƙuwa kika yi?"

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na ce ba kowa, mura ce ke damuna.

Sati biyu bayan haka Malam ya zo kwashe kayansa. Na ci karo da shi a baranda, yana rungume da kwali. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, nan take ya gane ni.

"Ashirin da uku. Tsaya, 'yata. Ke kina bencin baya. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ranar nan ba ki ji ta amsa ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara talatin ina wannan aiki," ya ce. "Na je an duba mini kunne, sun ce lafiya lau. Yanzu 'ya'yana cewa suke in ga likitan ƙwaƙwalwa. Ni kaina na fara tunanin ko sun fi ni gaskiya."

"Ban ji ba, Malam," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce na gode, ya sauka matakala yana laluben kowane taki da ƙafa. Na tsani kaina a ranar fiye da yadda na taɓa tsanar wani mahaluki.

Ranar Juma'a ne kwamiti zai yanke hukunci, kowa kuma ya san korarsa za a yi, ba ko sisin sallama, da tambarin cewa shi ya jawo mutuwar yarinya. Ana tsakiyar darasi na miƙe. Kyaftin ta cafke mini hannu ta ƙarƙashin benci, farcenta ya shige fatata. Na fizge. Har yau tabon yana nan.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba, turawa kawai na yi. Shugaba tana zaune da mutum biyu daga hukumar ilimi. Malam yana gefe, hannuwansa a kan gwiwa. Tela yana kusa da taga, da tef ɗin awo a wuyansa, da alama daga kan keken ɗinki ya taso. Rajistar tana buɗe a kan tebur.

"Ke! Wa ya ba ki izinin shigowa?" in ji Shugaba.

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Sai na juya wajen Malam.

"Malam, don Allah kira lambarta."

"Ki fita kafin ranki ya ɓaci!" Shugaba ta daka mini tsawa.

Amma Malam ya ɗago kai. Ya fuskanci inda nake tsaye. Sannan ya ce, da muryar da yake yi mana kowace safiya, "Sha bakwai."

Na yi tarin, na ja numfashin. "Ina nan, Malam."

Biron da ke hannun ɗaya daga mutanen hukumar ya faɗi ƙasa. Shugaba ta dafe ƙirji tana salati. Malam ya cire tabaraunsa, ya kife fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Daga nan bakina ya buɗe. Na faɗi komai: bencin, ƙwarangwal ɗin, dutsen da ba mu gaya mata ba, jakar da na yi ta kallo har aka tashi, abincin da na ci. Ban rage nawa laifin ba, ban kuma rufa wa kowa asiri ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san ba wanda ya katse ni.

Da na gama, Tela ya taso. Ya tako har gabana, ina jin ƙanshin man keke a jikinsa. Na runtse ido ina jiran mari, kuma wallahi so nake ya mare ni, ya yi ta dukana har in faɗi.

Shiru, ba abin da ya taɓa ni. Da na buɗe ido, na gan shi ya durƙusa a gabana, ya damƙe bakin tef ɗin nan da hannu biyu, hawaye yana bin gemunsa.

"Yarinya," ya ce. "Ba ni da muryarta ko a waya. Don Allah, sake faɗa."

Ya rufe idanunsa yana jira. Na ja numfashi, na sake faɗa masa.