Kwamfutar Likita Ba Ta Ƙarya

Bai taɓa riƙe allura ba, amma duk layin masu gyaran kwamfuta Likita suke ce masa. Ɗabi'arsa ta auna zafi ce ta jawo masa sunan. A kusurwar allon kwamfutarsa akwai ƙananan lambobi da ke nuna zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kuma idonsa ba ya barin wurin. Kana ba shi labarin rasuwa, bakinsa na cewa "Allah sarki", idonsa na kan lambobi. Kar a ci haƙƙinsa, mutum ne mai kirki da son 'yan uwa. Sai dai duk girman kan da Allah ya ba shi, cikin akwatin nan ya juye shi.

Da hannunsa ya haɗa kwamfutar. Gefenta gilashi ne, ana hango fankoki suna juyawa da wayoyi a ɗaure tsaf kamar kitso. Kamfanin da ya ƙera furosesa ya ƙayyade mata gudu, amma Likita bai yarda da ƙa'idar kamfani ba. Sai ya ƙara mata gudu, ya ƙara mata wuta kaɗan, ya zauna ya zuba wa zafin ido. In ya haura tamanin ya ja baya, ya sake shafa farin man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ya sake gwadawa. Akwai wata manhaja da ke ba kwamfuta maki gwargwadon saurinta, kuma a kan makin nan suka daɗe suna fafatawa da Dogo, mai shagon da ke kallon nasa. Ba kuɗi ake ci ba, ba kofi. Abin baki ne kawai a wurin mai shayi.

Ana nan sai ƙanwarsa Auta ta zo shagon da jaka a kafaɗa, idanunta sun yi zuru-zuru. Tana ƙarshen digirinta na biyu a fannin injiniya, tana lissafin yadda ruwan sama ke bi ta magudanan gari da inda zai yi ambaliya. 'Yar kwamfutarta ta hannu sai ta wuni tana nishi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ga lokacin miƙa aiki ya matso.

"Kawo nan," in ji Likita, yana shafa gilashin akwatinsa. "Wannan ai kafin ki gama gyara mayafi ta gama."

"Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Kar ka taɓa komai a cikinta sai na gama. Na san halinka."

"Haba Auta, yaro kika mayar da ni?"

"Ni dai ka yi mini alkawari."

Ya yi mata, har da dafa ƙirji.

Aikin kashi-kashi ne. Takan zo da yamma ta ɗora wani kashi, kwamfuta ta yi ta lissafi, washegari ta kwashe sakamako ta ɗora na gaba. Likita ya riƙe alkawari na ɗan lokaci, yana gadin zafi kamar mai jinya. Wata safiya, kashin jiya ya ƙare, kwamfutar na zaune ba aiki, sai ga Dogo ya tsallako titi yana washe baki, ya kara masa waya a hanci. Makinsa ya wuce na Likita.

"Ka gaishe da mara lafiyarka," in ji Dogo, ya juya.

Abin ya tsaya wa Likita a rai. Furosesa ta riga ta kai maƙura, ko ɗigon wuta ya ƙara mata zafi zai yi yawa. Saura ram, wato sandunan da kwamfuta ke ajiye lambobi a ciki na ɗan lokaci tana cikin lissafi. Ram takan ɗan jinkirta tsakanin karɓar lamba da mayar da ita, kuma mai gwaninta yakan iya rage jinkirin. Ya shiga saitin, ya matse nan, ya matse can. Ya gaya wa kansa ai wannan ba taɓawa ba ce, gyara ne, ita ma Auta za ta ci moriyar saurin.

Kowane mai wannan sana'a ya san dokar: in ka taɓa ram, sai ka sa mata gwaji na wuni guda, domin kuskurenta ba ya ihu. Furosesa in ta wahala takan yi zafi, fanka ta ɗaga murya, allo ya ɗauke. Ram kuwa sai ta canza lamba ɗaya cikin miliyoyi, ta miƙo ta da fuska a sake. Likita ya san haka sarai, shi ke yi wa masu kawo gyara wa'azi a kai. Amma Auta na tafe da yamma, kuma in ta tarar da gwaji a allo asiri ya tonu. Kwamfuta ta tashi lafiya, maki ya wuce na Dogo, zafi bai kai saba'in ba. Ya dubi lambobinsa, lambobinsa suka kwantar masa da hankali. Ya tsallaka titi da tasa wayar.

Auta ta gama, ta miƙa aiki, gida ya cika da murna. Babansu ya fi kowa. Tsohon ma'aikacin duba sikeli ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin kasuwanni yana kama masu tauye awo, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: ba wanda ya taɓa sayen sa hannunsa. Tun Auta na aji ɗaya a jami'a yake kiranta Injiniya.

Sai mai jarrabawa daga wata jami'ar ya ɗauki wani kashi na aikin ya sake lissafawa a tasa kwamfutar. Sakamako ya bambanta. Ya ɗauki wani, shi ma haka. Rashin sa'a, wasu daga cikin lambobin da suka kauce sun kauce ne ta gefen da ya ƙawata hujjar Auta. Aka kafa kwamiti, aka kira abin da sunan da ya fi kowane muni a makaranta: ƙirƙirar sakamako.

Ranar da ta kawo labarin gida, Baba ya sa aka kira Likita. Suka zauna a falo, Auta a ƙasa kusa da ƙofa, fuskarta ta kumbura da kuka.

"Yaya, don girman Allah, ka taɓa wani abu a cikin kwamfutar nan?"

Likita ya tuna da ram ɗin, amma nan da nan ya lallashi kansa. Ai ta tashi lafiya. Ai ba ta taɓa ɗaukewa ba. Rabin zuciyarsa ya yarda da gaske cewa ba ruwan ram ɗinsa, ɗaya rabin kuma ya ga idon Baba, ya ji tsoro.

"Ban taɓa ba," ya ce.

Da ma ya tsaya nan. Amma an taɓa masa kwamfuta, sai bakinsa ya buɗe. Ya fito da waya, ya nuna wa Baba zanen zafin na duk kwanakin aikin, layi miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. Ya yi bayani dalla-dalla, irin bayanin da ya iya, har Baba ya sa tabarau yana bin layin da ɗan yatsa.

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta, shi take bayarwa."

Ba Auta yake nufi ba. Akwatinsa yake karewa. Amma mutum uku ne a falon, kuma in kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, an san wanda ya rage. Baba ya cire tabarau, ya naɗe, ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar bai sake cewa Injiniya ba. Bai ma sake kiran sunanta ba, sai dai "ku ce mata".

Kwamiti ya kore ta daga karatun. Ta koma gida ta zama kamar baƙuwa, tana shara, tana kai wa Baba shayi, yana karɓa yana kallon bango. Likita ya rage zuwa gidan, ya ce aiki ya yi yawa.

Hotunan wani mai kawo gyara ne suka kama shi. Ya kwafa su ta kwamfutarsa, biyu suka fito da zane-zane a fuska, alhali na asalin lafiya lau. Nan ya sha jinin jikinsa. Da safe ya rufe ƙofar shago, ya sa gwajin da ya kamata ya sa tun ranar Dogo. Bai ko gama shan ruwan da ya zuba ba, jan layin kuskure na farko ya bayyana. Sai na biyu. Kafin rana ta take, allon ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. A kusurwa kuwa lambobinsa na nan, zafi bai kai saba'in ba. Ya zauna yana kallonsu, ya ji ya tsani kansa tsana mai tsanani.

Ya sami Auta a tsakar gida tana shanya. Ya faɗa mata komai, har Dogo, har maki. Ya yi zaton za ta yi ihu, ya ma so ta yi. Ta dai ci gaba da matse rigar da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga.

"Maki," ta ce. "Ka ci shi dai ko?"



"Zan je makarantar," in ji Likita. "Zan ɗauki kwamfutar a kaina in kai musu."

"Makaranta ta jira. Ko sun mayar da ni, ko ba su mayar ba, zan rayu. Ka je ka faɗa wa Baba. Shi nake so ya sani."

Baba na zaune a baranda da rediyo a cinya. Likita ya durƙusa, ya zayyana masa komai, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Ya ce ya karya alkawari, ya ce ya yi ƙarya a falo, ya ce Auta ba ta canza ko lamba ɗaya ba. Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan, abin da Likita bai taɓa tsammani ba, fuskar tsohon ta yi laushi. Ya miƙo hannu ya dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka. Haka ake son babban wa."

"Baba, ba..."

"Na gane. Ka ga tana wahala, zuciyarka ta kasa ɗauka. Amma ni ba a yi mini haka. Masu sikeli sun sha turo mini 'yan uwansu su ɗauki laifi."

"Wallahi gaskiya nake faɗa! Ga shi, duba." Ya fito da waya, ya nuna hoton jajayen layukan.

Baba bai ko nemi tabarau ba.

"Kai da ka iya sa ta gudu, sa ta yin ja zai gagare ka? Wancan layin zafin na gani da idona, ranar da ba ka shirya komai ba. Kai da bakinka ka ce ba ta ƙarya."

 Duk hujjar da Likita zai kawo, tasa ta farko ta fi ta kyau. Ya waiwaya. Auta na tsaye a bakin ƙofa da faranti da kofin shayi, ta ji komai. Ba ta kalli Baba ba. Shi take kallo.

Baba ya murɗa rediyonsa, ya gyara zama.

"Tashi, ɗan albarka, gwiwarka za ta yi ciwo," ya ce. "Ka ce mata ta ajiye shayin a nan."