Igiyar Malam Zailani

"To ni mahaukaci ne ke nan? Faɗi mana, Abdulwahab, bakinka ne!"

"Baba, ban ce ba. Cewa na yi ciyawar nan ta roba ce, da layinta ta zo a zane. Wa ya sa ka barbaɗa mata farar ƙasa?"

Malam Zailani na tsaye a sabon ofishin kulob, hannuwansa fari fat har gwiwa kamar mai tankaɗe. Abdulwahab kuwa, sakataren kulob ɗin, yana bayan tebur yana share gumi. Wannan Abdulwahab ɗin da kuke gani da tumbi, Zailani ya sha share masa majina a bayan raga.

Shekara talatin da ɗaya Zailani ke ja wa filin ƙwallon Kufena layi, tun wurin yana fako, awaki na ratsawa ana tsakar wasa. Kayan aikinsa gwangwani ne mai huda-huda, da buhun farar ƙasa, da wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle da wani malamin wasanni ya auna masa da kansa. Ƙulli kaza tsakiyar fili, ƙulli kaza wurin fanareti, ƙarshen igiya ƙarshen fili. Duk Zariya babu wanda ya isa ya yi masa gardama a kanta.

Sai bana kulob ya samu masu hannu da shuni. Aka zagaye filin da katanga, aka yi rumfar 'yan kallo da kujeru shuɗaye, aka shimfiɗa koren abin nan. Wata bakwai ana aiki, wata bakwai Zailani na zuwa ya zauna kan dutse a waje yana kallon tifa na shiga da fita. Ina zai zauna in ba nan ba? Gidansa na Kwarbai, tun da matarsa Mero ta rasu shekara uku ke nan, sai shi sai rediyo. 'Yarsu Radiya na aure a Kaduna, waya take bugowa ran Juma'a. A fili ne kawai ake kiran sunansa da ƙarfi.

Yau da sassafe ya buɗe ƙaramar ƙofa da makullin da ke hannunsa tun da, ya miƙa igiyarsa a kan sabuwar ciyawa. Igiya ta ƙare, saura taku shida a kai layinsu. Ya ce assha, 'yan kwangila sun kwafsa, bari in rufa wa kulob asiri kafin baƙi su zo. Ya ɗauki gwangwani ya ja nasa layin tiryan, daga gefe zuwa gefe.

"Injiniya ya sa tef ya auna a gabanka," in ji Abdulwahab. "Nasu ne daidai."

"Tef ɗin kanti? Igiyar nan ta girmi injiniyanka."

"Baba, ka bar maganar igiyar nan, don Allah."

"Ba zan bari ba! Me ta yi?"

Abin da ta yi kuwa, babu macen Kwarbai da ba ta sani ba. Ranar sunan Radiya igiyar guga ta tsinke, ga gida cike da mata, ga tukwane a kan wuta. Mero, Allah ya jiƙanta, mace ce mai dabara. Ta shiga ɗakin maigida ta sa wuƙa ta yanki abin da zai isa rijiya a igiyar awonsa, ta ƙona bakin, ta mayar da ƙullin ƙarshe tsaf. Duk bikin da aka haɗu sai ta ba da labarin, mata na riƙe ciki. Shekara ashirin da wani abu Kufena na buga ƙwallo a gajeren fili, 'yan wasan baƙi na sheƙowa da gudu su tsinci kansu a waje suna zare ido. Ba wadda ta gaya wa Zailani. Wa zai ɓata labari mai daɗi haka?

Abdulwahab ya ji shi a bakin mahaifiyarsa. Ya yi niyyar haɗiyewa, amma ran mutum in ya ɓaci baki ba ya da linzami.

"Inna Mero ce ta yanke ta, Baba. Ranar sunan Radiya. Ta yi guga da ita."

Zailani ya sauke igiyar daga kafaɗarsa. Ya kamo ƙarshen igiyar ya duba. Ƙullin ba irin nasa ba ne, irin wanda mata ke yi wa bakin zane ne. Ya sha kamawa, bai taɓa lura ba.

"Kowa ya sani?"

"Mata dai."

Wata dariya ta taso masa. So yake ya taka gida yanzun nan, ya tsaya a tsakar gida ya ce, ke Mero, fito nan! Ta fito tana gyara ɗankwali tana rantse-rantse. Sai ya tuna da kwaɗon da ya datse ƙofar da shi da safe.

Abdulwahab ya sassauta murya. "Kwamiti sun ce in karɓi makullin. Amma ranar buɗewa an ware maka kujera a rumfar manya, ga katinka."

"Kujera? Ni na taɓa kallon ƙwallo a zaune?" Ya leƙa filin ta taga. "Ban ruwa fa? Sai in riƙa ba ciyawar ruwa."

"Ba ta sha, Baba."

"Shara?"

"Akwai inji."

"To da safe in zo in yi me?"

Abdulwahab ya sunkuyar da kai yana juya biro.

Zailani ya laluba aljihu, ya ciro makullin ya ajiye a kan teburin, farar ƙasa ta bi takardun. Katin ko kallonsa bai yi ba.

"Ka gaida mahaifiyarka. Ka ce mata ta iya riƙe magana, ta fi ka."

"Baba, tsaya mana…"

Ya fita, ya maka ƙofar ƙarfen da ƙarfi, garam!