Dankali a Kaskon Baba

Saniyar tare da matata Zaliha ta zo gidanmu daga Bune. Tun tana maraƙa mahaifin Zaliha ya ba ta ita, kusan tare suka girma, kuma ita ta sa mata suna Goshi saboda farin da ke goshinta. Da aka kawo mini amarya Gure, kayan ɗaki a mota suka zo, Goshi kuwa da ƙafarta ta biyo baya.

Da damina da kaka ba wanda ya yi kuka da ita. Kullum safiya Zaliha takan saki ɗan maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna, ƙwarya ta cika har da kumfa. Sai da ɗari ya sauka sannan Goshi ta sake hali. Zaliha na taɓa hantsarta sai ta zabura, ta yi shuri, ƙwarya ta yi gefe guda. In an ɗaure mata ƙafa ta tsaya, sai ta riƙe nonon ta ƙi saki. Maraƙin kuwa sai ƙiba yake.

Babana, Malam Burahima, ba mai faɗa ba ne. Yana zaune gaban kaskonsa na garwashi, lulluɓe da bargo, ya ce dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, shi kuma furarsa ta koma ta ruwa. Ya ce a bar ta zuwa kasuwar mako mai zuwa, in ba ta sake ba a kai ta a sayar, a sayo awaki. Zaliha tana bayan zana tana ji. Ran nan na ga ta daɗe a turke tana sosa wa Goshi wuya.

Washegari ta miƙo mini kwanon koko, yatsunta suka taɓa nawa. Saura kaɗan in saki kwanon. Sai ka ce ƙanƙarar da ake sayarwa a tasha lokacin azumi. Na ce mata ni da nake namiji, a hannu kawai ta taɓa ni na zabura, ina ga Goshi da ake kama wa hantsa? Ta yi dariya, ta ce to yau na zama ɗan'uwan saniya ke nan. Ni dai maganar ta zauna mini.

Da hantsi ta aike ni cefane: albasa, tattasai, kuka, daddawa, gishiri da sabulu. Na tafi ina maimaitawa a hanya, don ni ba mai riƙe abu da yawa a kai ba ne. Na ce tunda kasuwa zan shiga, bari in tambayi mutane yadda suke ɗuma hannu.

Na fara da butik ɗin Alhaji Shu'aibu, Badamagare, inda muke sayen sabulu. Ya ce ba abin da ya kai man kaɗanya, a shafa da dare, a shafa da safe. Ko da ya faɗa, ya riga ya sa mini ƙullin man cikin leda. Tsohuwar da ke sayar da kuka da daddawa ta ce duk wannan ɓata kuɗi ne, Allah ya ba kowa hammata biyu, a cusa hannu ciki a jira. Mai shayi ya ce a riƙe kofin shayi mai zafi, kuma nasa ya fi na kowa riƙe zafi. Na sha ɗaya don kar in ba shi kunya.

Sai na faɗa hannun Abdulrazak mai gwanjo. Da ya ji matsalata ya tona dila har ƙasa, ya zaro safar hannu, manya masu kauri, ɗaya ja ɗaya shuɗiya. Ya ce waɗannan daga ƙasar da ƙanƙara ke zuba kamar ruwan sama suka fito, sanyin Gure wasa ne a wurinsu. Na ce ai launin bai zo ɗaya ba.

"Saniyar ce za ta duba launi, Tahiru?" in ji shi.

Na ga gaskiyarsa, na saya.

A bakin kasuwa na tarar da mutanen kwari sun kawo dankali daga lambu, sabon tono, da yashi a jikinsa. Baba yana son dankali, sai na saya masa ɗan kashi. Na dawo gida da kaya niƙi-niƙi, ina jin kaina. Zaliha ta zazzage leda, ta duba, ta tambaye ni ina gishiri. Ran nan a maƙwabta aka samo na miya.

Da safe muka gwada safar. Zaliha ta sa, hannuwanta suka koma kamar na ɗan dambe. Ta kai hannu hantsa, yatsun suka ƙi lanƙwasa. Goshi ta waiwayo, ta sunsuna jar safar, ta kama bakinta da haƙori ta fara ja, ta ɗauka abin ci ne. Innata Yabawa tana bakin murhu, ta yi dariya har tana tari. Washegari muka gwada man kaɗanya, hannu ya yi ta sulɓewa, sanyin kuma yana nan. Hammata ta ɗan yi aiki, amma kafin ɗumi ya kai yatsu maraƙi ya kusa shanye rabon gida. Kasuwa kuwa tana ta matsowa. Na ga Baba ya ciro sabuwar igiya ya rataye a kan zana.

Da yamma na tambayi Zaliha abin da ya kamata in tambaya tun farko. Na ce Bune ai daji ne, ya fi Gure sanyi, yaya take tatsa a can? Ta yi ta wasa da bakin zanenta kafin ta amsa. Ta ce a gidansu ita ke hura wuta da asuba, ta dama koko, sannan ta wuce turke da hannunta mai ɗumi, yana warin hayaƙi. Nan kuwa murhu na Inna ne, Inna ke hura wutarta da kanta. Aikin amarya shi ne ta fara wanke tukwanen jiya da ruwan randa, wanda ya kwana a waje, daga nan ta je tatsa.

Na ce to ta gaya wa Inna mana.

Ta dube ni kamar na ce ta hau kan soro ta yi rawa. "In ce wa Inna ta ba ni murhunta? Ni da ko shekara ban yi a gidan ba?"

Na ce ni zan faɗa. Ta ce in na faɗa, za a ce ita ta aiko ni, wannan ya fi muni. Ta sa na yi alkawari.

Na zauna ina tunani, idona ya sauka kan kaskon Baba. Kowace yamma yakan tura dankali ɗaya cikin toka, ya kwana a ciki, da safe ya tono ya ci da shayinsa. Ranar sai na tura nawa guda kusa da nasa. Da muka dawo daga sallar asuba na riga shi zuwa kaskon, na tono, na naɗe a tsumma. Zaliha ta gama wanke-wanke, hannunta har ya yi fari. Na miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu tana juyawa, tana hura masa iska, har yatsunta suka saki.

Ta saki maraƙi, ta janye shi, ta tsuguna. Goshi ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar za ta yi abin da ta saba, sai ta mayar da ita ƙasa a hankali. Can na ji ƙarar nono a gindin ƙwarya, tsiririn nan da muka daɗe ba mu ji ba. Zaliha ba ta ɗago ba, amma na ga kafaɗarta tana rawa don dariya. Da ta gama ta ɓare dankalin, ta ba Goshi ɓawon, muka raba sauran.

Sai ga muryar Baba daga zaure yana tambayar wanda ya taɓa masa kasko. Ashe garin sauri nasa na ɗauka, babban, na bar masa nawa ɗan ƙarami da bai gama nuna ba.

Inna kuwa duk abin nan tana kallo. Ta dubi tsumman, ta dubi randa, ta dubi hannun Zaliha. Ta kira ta, ta kama yatsunta ta ɗan murza.

"Ke 'yar nan, haka kike ta fama ba ki faɗa ba?"

Zaliha ta sunkuyar da kai. Inna ta ce dama gwiwarta ta gaji da tsugunon asuba, daga gobe Zaliha ta hura wuta, tukwane su jira rana ta fito, ba inda za su gudu.

Ranar kasuwa Baba ya sha furarsa da nono, ya suɗe ludayi. Ya ciro sabuwar igiyar nan daga kan zana ya miƙa mini, ya ce ta gugan rijiya ta tsufa, in canza ta. Sannan ya ce in ƙaro dankali in zan shiga kasuwa, kuma in tambaye shi kafin in taɓa kasko. Safar hannun yanzu shi ke sa ta zuwa masallaci da asuba, ja a dama, shuɗiya a hagu.

Ina fita Zaliha ta leƙo ta kan zana, ta ce in fara da gishiri.