Batirin da Ba Ya Wari

A garejin kamfanin tasi ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Hanci kawai, tun daga manaja har mai gadi. Shekararsa sittin da ɗaya, gwiwoyi sun gaji da sauka ramin gyaran mota, amma hancin nan yana nan garau. Batiran motocin lantarki irin na da can akwai ruwa a cikinsu, kuma in ƙwayar batir ɗaya ta fara yoyo sai ta saki wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi, irin na man goge farce. Shi kaɗai ke kama shi tun bai yi ƙarfi ba. Zai bi ƙasan mota yana shinshina, ya ƙwanƙwasa wuri da yatsa ya ce nan za a kwance. In an kwance kuwa nan ɗin ne, kwamfuta ma ba ta farga ba tukuna.

Sau biyu bawan Allahn nan ya koyi sana'a. Da ƙuruciya injin mai. Da aka daina yayinsa, ya koma aji da furfurarsa da tabarau yana haddace wayoyi. Ya ɗauka shi ke nan ya gama. Ina! Sai ga sababbin motoci masu sandararren batir, ba ɗigon ruwa a ciki, a liƙe ruf kamar bulo. Direbobi baki har kunne, wai caji nan da nan, ga shi fargabar gobara ta ragu. Shi ko murnar kirki ya kasa yi musu.

Ranar Litinin manaja ya kira shi ofis, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar: mutum ɗaya za a bari a sashen batir, kuma ga wata injiniya da aka aiko, ta san na'urar gwaji ciki da waje. Mai Hanci ya roƙa a gwada shi tukuna. Ba wai aikin ne ke ransa ba, wallahi ya gaji har cikin ƙashi. Bai dai san inda mutum ke nufa da safe ba in ba gareji ba.

Aka jera masa sababbin motoci uku, aka ce direban ɗaya na kukan cajinta ba ya jimawa, ya nuna wacce. Ya sauka rami yana dafa gwiwa. Ya bi ta farko daga gaba har baya, ba komai sai warin sabuwar roba. Ta biyu haka, ta uku haka. Ya sake zagayowa har wuyansa ya ƙage. Ya ji fa da kunnensa an ce babu ruwa a ciki. Amma mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana gaskata hancinsa ba ya sakin sa a safiya ɗaya. A wurinsa in babu wari to lafiya ce. Ya fito yana goge hannu, ya ce duk ukun ƙalau suke, direban ne dai mai nauyin ƙafa a kan totur.

Injiniyar ba ta yi gardama ba. Ta jona na'urarta a mota ta biyu, ta juyo masa da allon: tsaga ce siririya a can cikin batirin.

"Baba, ba laifinka ba ne," in ji ta a hankali. "Wannan ko ya tsage ba ya wari."

Da ta yi masa dariya ma da ya fi masa sauƙi. Manaja ya dubi ƙasa, shi kuma ya je ya tattara sifanoninsa.

A bakin ƙofa ya tarar ana ɗora tsohuwar tasi ta ƙarshe a tirela. Iska ta kaɗo, sai ga warin nan ya daki hancinsa. Ya ce wa direban tirela ƙwayar baya ta hagu na yoyo, kada ya ajiye ta a rana. Mutumin ya ce to Baba, ai wurin farfasawa za ta. Ya ja motarsa ya tafi.

A gida akwai doka. Matarsa ba ta yarda rigar aiki ta wuce ƙofa, tana cewa warin na sa mata ciwon kai, sai dai a rataye ta a ƙusar waje. Tun a bas yake shirya yadda zai gaya mata aikin ya ƙare, bai samu kan zancen ba. Ta yi masa sannu da zuwa, ta karɓi rigar kamar kullum, ta kai hanci tana shirin yamutsa fuska. Sai ta tsaya. Ta sake shinshina wuyan rigar, sannan ta dube shi.

"Maigida, yau ba ta wari."

Ya ce haka ne.

Nan ta gane. Ta ninke rigar, ta shige da ita ɗaki, ta sa ta cikin wankakkun kaya.