Waya a Kan Ƙirji

Ranar Laraba aka rage wa matarsa maganin barci don ta farka ta yi sallama.

Likitar ba haka ta faɗa ba, don likitoci ba sa kiran abu da sunansa. Cewa ta yi, "Baba, huhun ya gaji, na'urar ma ta yi iyakar ƙoƙarinta. Mama za ta farfaɗo na ɗan lokaci. In akwai magana, a yi ta."

Ya gyaɗa kai. Ƙuruciyarsa duk a koyar da kimiyya ta ƙare, ba ya bukatar a fassara masa lambobin da ke tsalle a allon da ke saman gadon. Tun da aka kwantar da ita ya fi kallon allon a kan fuskarta.

Ita ce ta raɗa masa suna Sai-Na-Gani. Duk Lahadi sai ta ja shi coci kamar akuya zuwa kasuwa, ya zauna can baya yana yi wa fasto gyara a zuci, ita kuwa tana cikin mawaƙa, muryarta ta fi ta kowa ƙarfi, ban da daɗi. In sun dawo su yi ta gardama har abinci ya huce.

"Kai ko mala'ika ne ya sauko, sai ka nemi shaida," takan ce.

"Dole. Ɓarayi ma fararen kaya suke sawa."

'Yarsu ta gaji uwar, har ta zarce. Ta koma wani sabon coci inda fasto ke warkarwa ta waya, kuma doka ce a can ba a ambaton mutuwa a gaban majiyyaci, wai abin da baki ya furta shi ke tabbata.

"Baba, kada ka yi mata ban kwana," ta ce masa a baranda. "Buɗe wa mutuwa ƙofa ne."

"Yaushe mutuwa ta fara neman makulli, 'yar nan?"

"Ka ji irinta ko? Bakinka ne ke kashe mu."

Da hantsi matar ta buɗe ido. Nas ta ɗage mata robar iskar daga baki, ta koma gefe. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, ka rame."

"Girkin 'yarki nake ci."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Sai ta lalubo ɗan yatsansa ta riƙe. "Gaya mini gaskiya. Za mu haɗu a can?"

Hali zanen dutse. Ya gyara tabarau, ya gyara murya kamar yana gaban aji. "To, ya danganta da abin da kike nufi da can."

Tsokana ce. Haka suka saba tun suna sababbin aure: ya ja, ta harare shi, sannan ya sauko. Wannan karon bai samu saukowa ba. 'Yar ta faɗo ɗakin a guje, waya a hannu. "Fasto ya ɗauka! Ya ɗauka!" Ta ɗora wayar a ƙirjin uwar, yadda ake yi a cocinsu don addu'a ta shiga daidai inda ciwon yake.

"Cikin sunan Yesu, ina umartar huhun nan! Kowa ya rufe ido! Kada wanda ya yi magana!" Muryar tana yankewa tana dawowa. A bayanta ana jin ƙahon motoci. Fasto tuƙi yake yi.

Shi bai rufe ido ba, bai kuma dube ta ba. Allo ya ɗaga kai ya kalla, yana auna ko lokacin da ya rage zai ishi addu'ar, har a bar masa kaɗan. Lambobin suka riƙa sauka cikin tsari, daidai yadda littattafai suka faɗa. Da layin bugun zuciyarta ya miƙe a allon ya sunkuyo, ya tarar da idanunta a kansa. Tun ɗazu suke kansa, in ji nas daga baya, wai don ta sanyaya masa zuciya.

Ba wanda ya gaya wa fasto. Ya ci gaba da umartar huhun har sai da nas ta ɗauke wayar.

Likitar ma ta kawo tata ta'aziyyar. "Ji ne ke tafiya a ƙarshe, Baba. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ta ji shi."

Ya yi mata godiya.

Bayan jana'iza 'yar ta turo masa wa'azin faston a waya. A ciki faston ya ce akwai ɗakin da ikon Allah ya shiga, ya tarar da mai shakka a zaune, ya juya ya fita. Tun daga nan take gaida uban kamar maƙwabci.

Bai kare kansa ba. Har yau bai san ko akwai can ba. Ya karanta masu cewa akwai, ya karanta masu cewa babu, duk sun fi shi baki. Amma ita ba hujja ta nema ba. Amsar tana nan a shirye, a bayan tsokanar, ba ta fi numfashi ɗaya ba: E, tsohuwa. Ki jira ni.