Ƙwarya Mai Jan Ɗinki

Sana'ata tsorata mutane. Da safe ni ma'aikaci ne a wani ofis a Gusau, inda aikinmu bai wuce sa hannu da korar ƙuda ba, da yamma kuma in zauna in rubuta labaran da ke hana mutane leƙa rijiya su kaɗai. Sunana Bashiru, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a wannan fanni. Na daɗe da gano cewa dodo mai ƙaho da wuta a baki ko yaron goye ba ya razanawa. Abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne abin da mutum ya saba gani kullum, a ɗan karkata shi kaɗan. Shi ya sa nake yawo da ɗan littafi a aljihu. Duk wanda na gani da wata ɗabi'a tasa ta daban, sai in kwashe in adana.

Haka na kwashe Inna Uwani. Tsohuwa ce daga wata ruga a bayan Bilbis, tana kawo fura da nono tashar Tsafe. Duk ranar da aiki ya kai ni can, a gabanta nake karyawa. Idonta na hagu yana da hakiya. Babbar ƙwaryarta ta taɓa tsagewa, aka ɗinke da jan zare. Kafin ta miƙa maka fura sai ta ɗiga nonon a bayan hannunta ta lasa, ta ji ko tsamin ya yi daidai, sannan ta dube ka da idon nan mai kyau ta ce, "Sha, ɗana, ka rame." Ba ta taɓa sallamata ba sai da gyaran ludayi guda.

Na dawo gida na rubuta labarin wata mayya mai sayar da fura. Na ba ta hakiyar, na ba ta ƙwaryar, na ba ta lasar hannun, sai dai a labarina ba tsamin nono take ɗanɗanawa ba, kurwar mai saye take ɗanɗanawa. Na canza suna, na canza gari, na ɗauka na wanke hannuna ke nan.

Abokina Sahabi yana da kyamara da 'yan wasansa, ya ce labarin nan sai an yi fim. Muka yi mako biyu muna ɗauka a Bungudu, a bakin gulbi. Ya so ya sa wa 'yar wasan haƙoran roba da jan kwalli, na tubure.

"Kai Sahabi, wanga wasan yara na," na ce masa. "Bar ta awa kowace tsohuwa. Ka dai ba ni ƙwaryar."

Ni da ƙafata na shiga kasuwa na sayo jan zare, na sa aka tsaga sabuwar ƙwarya aka ɗinke. Ni na koya wa 'yar wasan yadda za ta lasa hannu, da yadda za ta ja muryar "ka rame". Fim ya fita, masu tura finafinai a waya suka yi ta cika wa mutane. Wata mata a ofishinmu ta rantse ta daina shan fura har abada. Na yi dariya har da riƙe ciki. A ganina ba a taɓa yi mini yabo kamar wannan ba.

Bayan kamar wata guda aiki ya sake kai ni Tsafe. Na sauka da hantsi na nufi gindin bishiyar bedin da Inna Uwani ke zama, na tarar da wurin fayau. Na tambayi Mu'azu, ɗan kamashon tashar.

"Au, ba ka ji ba?" ya ce. "Ashe mayya ta! Shekara da shekaru muna sha hannunta. Wani malami na can Gusau yat tona ta, har fim anka yi."

Na ji kamar an kwaɗa mini taɓarya a ƙeya. Ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi ya nuna mini fim ɗina, yana dangwala yatsa a kan ƙwaryar.

"Duba ɗinkin. Duba idon. Wa ka da wanga in ba ita ba? Yanzu haka ɗiyar Alhaji Isah ta can Bilbis kwance, tana ta kiran mai jan zare. Tun da sahe samari sunka tai ruga ɗauko tsohuwar."

Ban san lokacin da na haye bayan ɗan kabu-kabu ba. Tun daga nesa na hango taro a ƙofar gidan Alhaji Isah. Na kutsa har tsakar gida. Yarinyar, Nusaiba, 'yar shekara goma sha biyar ko sha shida, tana kwance a tabarma, jiki na kakkarwa, tana sambatu. Daga baya na ji cewa ta kalli fim ɗin sau huɗu kafin zazzaɓin ya kama ta. A gefe guda Inna Uwani ce durƙushe, ɗankwali ya faɗi, furfura a waje. An fasa ƙwaryar, nono ya malale a ƙasa, jan zaren yana reto a jikin sakaina. Matar da a shekaru ta haifi kusan kowa a wurin.

A wajenmu, in an zargi mutum da maita, sai a tilasta masa ya tsallaka majinyacin sau uku, wai a nan yake sakin kurwar da ya kama. Abin da suke so ta yi ke nan, ita kuwa ta ƙi. Tana ta rantsuwa da Allah, murya duk ta dushe.

Na ɗaga hannu na kwarma ihu. Na ce ni ne Bashiru, ni na rubuta fim ɗin, ƙarya ce na shirya daga farko har ƙarshe, matar nan fura kawai ta taɓa sayar mini. Alhaji Isah, uban yarinyar, ya matso, idanunsa jajur don rashin barci.

"Kai na malamin?" ya ce. "To in ƙarya kay yi, ƙaƙa anka yi komi yad dace? Ga ido, ga ƙwarya, ga lasar hannu. Mai ƙarya ba shi dacewa haka. Allah na yab buɗe maka ido, Malam, kada ka ji tsoronta."

Ƙwarewar da nake tinƙaho da ita, ita ce ta tsaya shaida a kan tsohuwar. Ina cikin neman abin faɗa na ga wani saurayi ya ɗaga gora, wasu biyu sun ɗebo duwatsu. Tsoro na gaske ya kama ni, irin wanda ban taɓa iya rubutawa ba. Na durƙusa kusa da ita.

"Inna, don Allah ki tsallaka," na raɗa mata. "Ba komi na ba. Ki tsallaka su bar ki da ranki."

Ta juyo ta dube ni. Sai a lokacin ta gane ni.

"Ɗana, kai na?"

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tattare zaninta, ta tsallaka yarinyar sau uku. Taron ya buɗe mata hanya ta fita, ba wanda ya yarda ko gefen zaninta ya taɓa shi.

Ni kuwa na kafe sai an kai Nusaiba asibiti. Na nemo mota, muka taho Gusau da ita da uwarta. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, da an ƙara kwana ɗaya sai dai wani labarin. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, kwana uku ta tashi tana neman kunu. Na yi murna kamar an yi mini albishir da Makka. Na karɓi takardar gwajin na koma Bilbis ina ɗaga ta kamar tuta, a raina ina cewa yau zan wanke Inna Uwani tas.

Alhaji Isah ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini ruwa. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Mun gode, Malam. Ai ni tun sadda tat tsallaka nis san an sake ta. Ka gani dai da idonka, da tat tsallaka ba ta warke ba?"

Na sandare da kofin a hannu. Ni na roƙe ta ta tsallaka. Ni na kai yarinyar inda aka warkar da ita. Da ta mutu, da sun ce tsohuwar ta cinye ta. Da ta rayu, sun ce ta sake ta. Da hannuna na cika musu hujjar da fim ɗin bai gama ba su ba.

Na je wurin Sahabi na ce a janye fim ɗin. Ya ce daga wayar wa za a fara janyewa? Har ya soma zancen kashi na biyu, saura ƙiris in mare shi. Na sa ya ɗauke ni ina bayani, ina rantsuwa, muka tura. Mutum nawa suka kalla? Waɗanda suka kalla ma cewa suka yi, wayyo, ta kama malamin shi ma.

Ranar Asabar na sayi ƙwarya sabuwa, babba, na nufi rugar. Na tarar ana juye nonon safe a kwatarniya ana ba maruƙa, don ba mai saye daga gidan, ko daga hannun surukanta. Ɗanta Umaru ya amsa sallamata ba tare da ya miƙo hannu ba. Shi ya gaya mini cewa dangin saurayin 'yarsa Husna sun aiko an mayar musu da kayansu. Mutane sun ce maita a nono ake shan ta, wanda duk ya fito daga tsatson tsohuwar ya sha.

Inna Uwani tana zaune a bakin bukkarta. Ta rame. Husna tana tsefe mata kai, kuma na lura duk kitson da ta warware sai ta ɗan hura masa iska, kamar mai fifita wa yaro kunu. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar, na soma ba da haƙuri, kalmomin suna fita a karkace. Tsohuwar ba fuskata take kallo ba. Hannuna na dama take kallo. Na bi idonta, sai na ga hannun yana cikin aljihu, ya riga ya kama ɗan littafin. Wallahi ban san lokacin da ya shiga ba.

Ta jawo mayafinta ta rufe fuskarta ruf.

"Husna," ta ce, "shige ɗaki maza, kada shi gan ki."